Ƙanƙanta ba yarinta ba ce

Mutum zai ɗaga ruɓaɓɓen ganye a daji, ya ga dodon koɗi kamar ƙwayar tsakuwa, ya ce ai jariri ne. Sau da yawa kuwa ya gama girma, iyakarsa ke nan.

A sa gilashin ƙara girma a dubi bakin katantanwar. Na jariri siriri ne, taɓawa kaɗan ya ɓare. A jinsuna da dama na baligi ya yi kauri, ya lanƙwaso waje, wani har da 'yan haƙora a ciki. Abin gwanin sha'awa! Da waɗannan haƙoran, da yawan murɗin katantanwar, masana ke rarrabe jinsi. Misali, jinsin dodon koɗi mai suna Angustopila dominikae, wanda masana suka bayyana daga kudancin Sin a 2015, baliginsa bai kai milimita ɗaya ba.