Fenti ba ya tsayar da jini

Kun dai ga hotunan da ake ta yaɗawa tun ranar Asabar. Asibitin garinmu ya sha fenti fari da kore, an kafa sabon allo a bakin ƙofa, manya sun zo da jiniya sun yanke ƙyalle sun tafi. Mutum fiye da ashirin sun turo mini hotunan nan, wasu har da tambaya: "Malam, yanzu kuma me za ka ce?" To ga abin da zan ce. Fenti ba ya tsayar da jini. A barandar wannan asibitin na kwana daren Talata, warin fentin bai ma gama fita ba, kuma abin da idona ya gani babu mai goge mini shi da hoto.

Ƙarfe ɗaya da wani abu ƙanena ya kira ni, muryarsa na rawa: "Yaya, ka taho, ta sauka amma jini ya ƙi tsayawa." Na tarar da ɗakin haihuwa duhu ƙirin. Ungozoma ɗaya ce tal, ta danne wayarta tsakanin kafaɗa da kumatu tana haska fitila, hannuwanta biyu na kan cikin matar ƙanena tana murzawa. Inna na gefe riƙe da jaririya a zani, ba ta cewa komai sai "La haula". Na tambayi ungozomar allurar tsayar da jini. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, allurar nan sai a firji take zama, firjinmu kuwa ya fi wata biyu batirin solarsa ya mutu." Ta yago takarda ta rubuta mini safar hannu, ruwan ƙari leda biyu, robar ƙarin ruwa, sirinji, auduga, da ƙwayar da ake bayarwa in babu allurar. Sai da na buga ƙofar mai kyamis na tashe shi daga barci. Naira 18,500. Jinin ya lafa, amma ta riga ta yi fari fat, tafin hannunta kamar takarda. Tana buƙatar ƙarin jini, jini kuwa sai Gusau, kuma kowa ya san babu direban da zai hau hanyarmu da dare. Haka muka zauna muna kallonta muna jiran kiran asalatu.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ita da jaririya duk suna nan lafiya, alhamdu lillahi. Amma akwai wani bawan Allah da na bari a barandar nan, ya kawo matarsa daga ƙauye a kan babur, yana riƙe da irin takardar da aka ba ni yana jujjuya ta, naira 2,000 ce duk abin da ke aljihunsa. Mun yi masa karo-karo a wajen. Daren da babu mai yin karo-karon fa?

Tambayata ɗaya ce, kuma ba zan gaji da ita ba: nawa ya shigo asibitin nan, kuma me aka yi da shi? A rubuta a liƙa a bango.

Don kada wani ya ce ihu nake bayan hari, kuɗin nan suna da suna kuma suna da doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a wani asusu na musamman, wanda ake kira BHCPF, don ƙananan asibitoci da talakan da ba shi da halin biya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware shi, naira biliyan 55. Tsarin shi ne aƙalla asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya riƙa samun kuɗi kai tsaye a asusunsa na banki duk wata uku, kuma ba sa fita sai incaj da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa sun sa hannu. A tsarin farko kimanin naira dubu 300 ne a wata ukun. Na yarda ba su da yawa. Amma an yi su ne daidai don irin safar hannu da auduga da batirin da na tarar babu. Zamfara na da mazaɓu 147 a ƙananan hukumomi 14. Ku da kuke karanta wannan, daga Ƙaura Namoda har Gummi, daga Tsafe har Talata Mafara, wane ne a cikinku ya taɓa shiga asibitin mazaɓarsa ya ga takarda a bango an rubuta: ga abin da ya shigo wannan zangon, ga abin da muka saya, ga saura? Wane ne ma ya san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsa, mutumin da yake sa hannu da sunanmu?

Ban ce wane ya ci ba. Ban kama hannun kowa ba, kuma ba zan ɗauki alhakin mutum a kan zato ba. Cewa na yi ba a nuna mana. Idan kuɗin ba su zo ba, a rubuta "ba su zo ba", mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Idan sun zo ba su isa ba, a rubuta, mu taya ku kuka. Idan kuwa sun zo an bi da su ta wata hanya, wannan ma takardar za ta faɗa. Wanda hannunsa ke da tsabta me zai sa ya ji tsoron takarda ɗaya da gam?

Na san amsoshin da ke tafe, don na saba da su. Na farko za a ce ɗan adawa ne, an ba shi kuɗin data. Wanda ya san ni ya san na yi irin wannan magana a gwamnatin da ta wuce da wadda ta gabace ta, kuma a lokacin waɗanda ke zagina yau su ne ke tura rubutuna gaba. Lokacin da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, ina cikin waɗanda suka yaba a fili, don amincewa da cewa ɗaki na yoyo shi ne matakin farko na gyara. An yi gyare-gyaren gine-gine, ido ya gani, ban musa ba. Amma mai yabon gaskiya shi ya fi kowa haƙƙin tambayar lissafi. Sojojin baka su huta, ba da su nake ba.

Na biyu za a ce matsalar tsaro ce. Wannan ita ta fi ƙona mini rai. Matsalar tsaro ce ta hana mu tafiya Gusau da dare, gaskiya ne. To ai shi ya sa asibitin da ke kusa da mu ya zama shi ne rayuwa ko mutuwa. A jihar da mai naƙuda ba ta iya hawa hanya daga magariba zuwa asuba, firjin ƙaramin asibiti ya fi kowane ginin alfarma muhimmanci. Kuma 'yan bindiga ba su suka kashe batirin sola ba. Mai fenti ya iso da bokitansa lafiya lau, masu yanke ƙyalle sun iso da jerin motoci, ashe hanyar da ta kawo su ba za ta iya kawo batiri ba?

Na uku za a ce ƙaddara ce, kwana in ya ƙare babu magani. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana amana, shi ya ce kowane mai kiwo za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mun ji irin wannan magana a 2017, lokacin da sanƙarau ya fi yi wa Zamfara ɓarna a duk faɗin ƙasar nan, gwamnan lokacin Abdulaziz Yari ya danganta annobar da zunuban mutane. Iyayen da suka binne 'ya'yansu a shekarar ba wa'azi suka rasa ba, rigakafi suka rasa a kan lokaci.

Mu mutanen Zamfara bai kamata a koya mana amfanin bin diddigin kuɗi ba, don a kanmu aka yi darasin. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ƙauyen Bagega ya zauna cikin gubar shekaru, an yi alkawarin kuɗin share shi, kuɗin suka maƙale a Abuja. Ba a sake su ba sai a 2013, bayan matasa da ƙungiyoyi sun tasa gwamnati gaba da tambaya ɗaya: ina kuɗin Bagega? Da sun yi shiru don kada a ce ba su da kunya, da yara nawa za a ƙara binnewa?

Kuma yanzu babu wanda zai ce mana aljihun gwamnati a bushe yake. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. Mu muka biya wannan ƙarin, a gidan mai, a kuɗin mota, a kwanon gero. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amma ka je ka yi maganar ƙaramin asibiti, ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, jiha ta ce tana jiran Abuja, Abuja ta ce ta turo. Kowa na nuna wani, mai jego na kwance cikin jini. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron har yau tana yawo a wajen kashi 5. Ni kuma yau ko kashi 15 ɗin ba shi ne damuwata ba. Rubuta adadi a kasafi abu ne mai sauƙi. Nawa aka saki? Nawa ya isa ɗakin haihuwa?

Haka maganar tiyatar haihuwa kyauta da Ministan Lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024 don mata marasa hali. Tsari ne mai kyau, na yi murna da shi. Amma mutumin da na bari a baranda da naira 2,000 bai taɓa jin labarinsa ba. Kyautar da mai ita bai san da ita ba, waye yake cin ta? A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a ƙofar kowane asibiti: kaza da kaza kyauta ne, kada ka biya, in an nemi kuɗi kira wannan lamba. A faɗa a rediyo, limamai su faɗa ranar Juma'a.

Abin da ke hana ni barci shi ne mun saba wasu su ɗauke mana nauyin. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta tarar yaro 1 cikin 4 na fama da tamowa. Baƙi suka auna, baƙi ke ba da madarar. A farkon 2025 Amurka ta janye mafi yawan tallafin da take bayarwa a duniya, kowa ya ga yadda hankali ya tashi. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabcin ya rufe ƙofa da yunwa zai kwana. 'Ya'yanmu ne, kuɗinmu ne, kuma 'yan majalisarmu 24 da ke Gusau an zaɓe su ne don su tambaya a madadinmu. Ina roƙon na mazaɓarmu, da girmamawa, ya zo asibitin nan da dare ba tare da ya sanar ba, ya zauna awa ɗaya a benci.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya je ya huce a kan ma'aikata. Wallahi ungozomar nan ba ta zauna ba daga ƙarfe ɗaya har gari ya waye. Mata biyu take dubawa ita kaɗai, cajin wayarta ya ƙare ta karɓi tawa. Da za mu tafi ta riƙe hannun Inna ta ce, "Mama, ku yafe mini, abin da nake da shi ke nan." Ita ce ke neman gafara. Na juya baya don kada ƙanena ya ga idona. Idan aka kira ta ofis aka yi mata faɗa saboda wannan rubutun, zan dawo nan in faɗa, kuma ba zan sassauta ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa shugaban kwamitin mazaɓarmu takarda, mu bakwai muka sa hannu, muna neman lissafin shekara ɗaya. Ku ma ku je naku. Ba faɗa, ba zagi, sallama da takarda.

Af, kafin in manta. Jini leda biyu aka ƙara wa matar ƙanena a Gusau. Ta farko ni na bayar, ta biyu wani saurayi ne mai sayar da shayi a bakin titi, bai san mu ba, ya ji ana cigiyar irin jininsa ya bar teburinsa ya biyo ni. Na ba shi kuɗi ya ƙi, na ce ko na madara ya karɓa ya ce, "Baba, bar shi, ni ma ina da uwa." 'Yan uwanmu uku majiya ƙarfi kuwa sun noƙe, wai ba da jini na rage ƙarfin namiji. Wannan magana ba ta da tushe, jiki na mayar da abinsa, kuma wata rana zan yi rubutu a kanta ita kaɗai. Suna ranar Laraba ne bayan sallar asuba a ƙofar gidanmu, kowa na gayyace. Sannan duk wanda ya san mai gyaran sola na kirki a Gusau, wanda ba zai sa mana tsohon batiri ya ce sabo ne ba, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, matasan unguwa sun fara haɗa kuɗi.