Rijiyar da ba mu gani, amma muna sha daga cikinta

Jiya da dare a majalisarmu ta Mabera, wani ƙanena ya ce shi ba ruwansa da labarin haƙar mai a teku, wai sha'anin mutanen kudu ne. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ƙanena, wallahi da ruwanka. Dokar 2004 ta ce kashi 13 cikin ɗari na kuɗin mai da ake ba jihohi masu mai ya tsaya ne inda zurfin teku ya kai mita 200. Abin da aka haƙo gaba da nan, kason gwamnati asusun tarayya yake shiga a raba da kowa. Albashin malamin firamare a Tangaza yana da alaƙa da ramin da ake haƙawa a inda ko tudu ba a hangowa.

Mu mun san haƙar rijiya. Ina yaro mahaifina ya sa aka haƙa wata a gonarmu. Kwana da kwanaki ana fito da ƙasa a guga, ana murza ta a hannu ko za a ji danshi, har aka kai gaba ashirin, babu ruwa. Haka yake a teku. Jirgi ke fara bi yana aika ƙara cikin ƙasa, amon ya dawo, masana su zana yadda duwatsun suke kwance. Amma sai an haƙa rijiyar gwaji ake sanin gaskiya, kuma guda ɗaya tana cin miliyoyin daloli, da yawa su fito a bushe. Ko an dace, sai an yi haƙuri. A Bonga, wani filin mai a tekun Najeriya, kilomita 120 daga gaɓa, ruwa ya fi mita 1,000 zurfi, an fara haƙa a 1995, mai bai fito kasuwa ba sai 2005. Filin mai na Egina, shi ma a tekun Najeriya, an gano shi a 2003, ya fara aiki ƙarshen 2018. Rijiyar da ba a haƙa bana ba, 'ya'yanmu ne za su ji rashinta.

Akwai haɗari, kada mu ɓoye. A 2010 rijiyar gwaji ce ta fashe a tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya. A 2011 mai ya malala daga Bonga. Duk wanda ya taɓa ganin masunci a kogin Rima ya jawo taru babu komai, ya san abin da masuntan can suka ji.

Shi ya sa nake so wakilanmu a majalisar tarayya su riƙa tambaya: rijiyar gwaji nawa aka haƙa bana? Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 na ribar man NNPC don bincike a sababbin yankuna irin namu, me aka yi da shi a yankin Sakkwato? Yau da dare zan koma majalisarmu ta Mabera da wannan, ni da ƙanen nawa.