Kun gama yaɗa bidiyon, to ina za a kai shi?

Duk wanda ya tura bidiyon nan na bawan Allah da giya ta kayar a bakin titi, ya rubuta "Allah ya shirya" a ƙarƙashinsa, sannan ya cilla shi zuwa rukunin WhatsApp na gaba, ina taya shi murna, domin ya yi wa'azi ba tare da ya kashe ko dala ba. Yanzu matar mutumin ta gani, ƴaƴansa sun gani, surukansa na ƙauye ma sun gani. Amma cikin duk masu dariyar nan, wa zai iya faɗa masa inda zai je gobe da yamma idan ya ce yana so ya daina?

Mu a Maraɗi mun ƙware wajen tona asirin mashayi, amma ba mu damu da tanadar masa wurin zama da waɗanda suka taɓa shiga halin da yake ciki suka fita ba. Wurin zaman nan shi ne maganata. Ɗaki ɗaya, tabarma, butar shayi, da mutanen da ba za su fita da zancen waje ba.

Na san za a ce ai haramun ce, ya tuba kawai. Haramun ce, kuma shi ma ya sani, shi ya sa yake ɓuya ya sha. Amma wanda jikinsa ya saba da barasa shekara da shekaru, idan ya yanke ta dare ɗaya, hannu na rawa, zufa na karyo masa, barci ya gagara, wani ma ya kai ga jijjiga da gane-gane cikin kwana biyu zuwa huɗu, kuma wannan yana iya kisa. Irin wannan mutum asibiti ya kamata ya fara zuwa. Sai dai likita zai sallame shi bayan ƴan kwanaki, ya koma unguwar da abokan shansa suke jiransa, mu kuma muna jiransa da waya a hannu. Ko Alƙur'ani daki-daki ya bi da mutane, daga Baƙara zuwa Nisa'i kafin hukuncin ƙarshe ya sauka a Ma'ida. Kuma Bukhari ya kawo labarin sahabin da ake yawan kawowa saboda sha, da wani ya tsine masa sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Mu da muka fi kowa tsoron Allah, sai muka zaɓi kyamara.

Wasu kuma za su ce taron mashaya al'adar Turawa ce. Gaskiya ne ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Amurka aka kafa ta, a garin Akron, a 1935, lokacin da mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa hira da juna tana taimaka musu su kame. Ƙa'idarta ba ta da wuya: ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta cikakken sunan kowa, sharaɗi ɗaya shi ne mutum yana son daina sha, kuma ko mutum biyu ko uku sun isa su zama rukuni. Wane ɓangare na wannan ne ya saɓa wa rufin asirin da muke roƙon Allah kullum? Musulmin birnin Baltimore na Amurka ma sun kafa tasu, Millati Islami, a 1989, suka ɗora matakan daina sha a kan Alƙur'ani da Sunna. Matasanmu kuwa kowane dare suna zaune a fada suna shan shayi har tsakar dare, saboda haka kada wani ya ce mini zama a da'ira ana hira baƙon abu ne a garin nan.

Masu cewa idan aka tara su wuri ɗaya sha za su yi, ai sun riga sun san inda ake sha, ba su buƙatar mu nuna musu.

Wanda yake neman daina sha yau, ya fara da ma'aikacin lafiyar da ya amince da shi, ya tambaye shi a keɓe ko ya san wasu da suka daina. Wanda yake jin Faransanci zai samu tarukan da ake yi ta intanet, inda zai iya shiga ba tare da ya nuna fuskarsa ba. Amma ɗan kabu-kabu ko ɗan dakon da bai yi lakwal ba, da Hausa yake buƙatar a saurare shi, kuma a wurin da ba za a gan shi yana shiga a fara nuna shi da baki ba. Limamai da masu unguwa da ke da ɗakin da babu kowa bayan Isha'i, su ba da aron mabuɗi, su kuma haƙura da tambayar su wa suka zo.

Ko da yake, idan aka buɗe ɗakin, ina zaton masu tramol za su riga masu giya cika shi, domin ita ba ta da wari, kuma uba yana iya cin tuwo kwano ɗaya da ɗansa shekara guda bai gane komai ba.