Hanyar keke ta bakin kogi tana ƙarewa muna kallo

Jama'a, yau maganar hanya ce a bakina. Ina nufin 'yar siririyar hanyar nan da ta bi gaɓar Kogin Kano, ƙasa da dam ɗin Tiga, wadda sawun mutane da kofaton jakai da tayar keke suka daɓe tun kafin a haife ni.

Na fi shekara 20 ina bin ta. Idan ka fito daga ƙauyenmu bayan sallar asuba ka gangara fadama, hanyar a shimfiɗe take, ƙasa mai tauri, keke na tafiya da kansa sai ɗan taɓa feda. Ruwa a gefe guda, lambuna a ɗaya gefen. Da hunturu alkama kore shar, ga tumatir, ga albasa, injin ban ruwa na ta tuƙ-tuƙ cikin hazo, balbela na bin bayan shanu, yatsu sun ƙage a kan birki don sanyi. Akwai wani wuri mai rairayi da dole ka sauka ka tura, kowa ya san shi, ba mai jayayya da shi. Daga nan sai hanya ta rabu da ruwa ta fara hawa ta nufi duwatsun wajen Rurum, a ƙasar Rano. Nan ake sanin mai ƙwauri. Kekunanmu ba su da giya, sai ka miƙe tsaye a kan feda, kaca na kuka, numfashi na fita da ƙyar, har ka kai gindin wata tsamiya inda kowa ke yada zango. Ka juyo ka ga fadamar da ka baro a kwance ƙasa, da giginyoyinta da farin yashin kogi. Wallahi ko a kwanakin da raina ya fi ɓaci, ban taɓa isa tsamiyar nan na koma gida da irin zuciyar da na fito da ita ba. Wajen saukowa kuwa, shawara ga yara: a riƙe birkin baya, kada a damƙe na gaba a kan tsakuwa.

To wannan hanya ce muke cinyewa, mu da kanmu.

Da can keke biyu kowanne da kwando a kariya suna gilmawa ba wanda ya sauka. Yanzu akwai wuraren da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Mai gona ya ƙara kunya ɗaya bana, baɗi ya ƙara wata, makwabcinsa ya gani shi ma ya ƙara. Wani ya kewaye da shingen ƙaya har kan sawu, ka wuce ka kwashi faci biyu. Wani ya haƙa 'yar kwata ya tsallakar da tiyo, ya gama ban ruwa ya tafi bai cike ba. Makon jiya a irin wannan kwata na tarar da wani dattijo, tayar gaba ta faɗa, kwandon tumatir ya kife, rabi ya fashe a ƙasa. Na ce, "Sannu Baba, ba ka ji ciwo ba?" Ya ce, "Ɗana, ciwon da sauƙi, wannan kuɗin takin da na ranto ne." Muka tsince abin da zai tsintu. Ga kuma tifofin yashi da ke shiga da damina su bar ramuka, ruwa ya bi ramin ya zaizaye gaɓa.

Ni ma manomi ne, na san abin da ke sa mutum ya kai garma bakin hanya. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yau jikoki sun raba ta, taki ya yi tsada, kuma tun da aka kammala Tiga a 1974 ƙasar da ruwa ke kai wa da rani ta zama zinariya. Duk na yarda. Amma mun ga abin da ya faru da burtali. Haka aka riƙa gutsurarsa kaɗan-kaɗan har shanu suka rasa ta inda za su bi zuwa mashaya, yau ga shi kullum ana gaban dagaci. Kuma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ina matsayin wanda ya haƙa rami a kanta ya tafi?

Wasu za su ce ai keke ya zama tsohon yayi, kowa babur yake nema. A je a tambayi mai faci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, kekunan da aka rataye a zaure duk an sauko da su, an sa sabuwar kaca, an ɗaure birki. Malamin firamare, ɗalibin da makarantarsa ke wani gari, masunci, mai kai kayan gwari bakin titi, duk hanyar nan suke bi. Idan ta toshe, sai su hau kwalta su yi gogayya da manyan motoci a titin da ba a bar wa mai keke gefe ba. Ni ba zan so ɗana ya bi nan da safe ba.

Roƙona ga masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku: kafin ruwan farko ya sauka, a taka hanyar nan da ƙafa tare da masu gonakin. A auna faɗin da keke biyu masu kwando za su gilma, a kafa turaku, a dasa bini-da-zugu ko gamba a iyaka kamar yadda iyayenmu ke yi. Mai tsallakar da tiyo ya binne shi ya mayar da ƙasa. Ramukan kuwa aikin gayya ɗaya ya ishe su.

Ran Asabar in Allah ya kai mu, bayan asuba, zan fara da kwatar da ta kayar da dattijon nan. Ina da shebur biyu da baro ɗaya. Duk wanda ke bin hanyar ya taho da fartanyarsa.