Bikin Fina-finan Afirka a Landan da Gurbin da Kabi Ta Bari

Tun 2011 ƙungiyar Royal African Society ke shirya wani biki a birnin Landan mai suna Film Africa, wanda yakan faɗo a lokacin da sanyi ya fara shigowa, inda ake ɗaukar kwanaki ana nuna sababbin fina-finan Afirka da na 'ya'yanta mazauna ƙetare a gidajen sinima daban-daban na birnin. A matsayina na ɗan Jihar Kebbi da zama ya kawo ƙasar Ingila, ina halartar wannan biki gwargwadon hali, kuma na ga fina-finai daga Senegal da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu da Legas, na ji Wolof da Swahili da Larabci da Yarbanci suna fita daga lasifika. Abin da kunnena ya daɗe yana jira shi ne Hausa, harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Najeriya da Nijar har zuwa Ghana da Sudan, amma da wuya mutum ya ci karo da shi a jerin abubuwan da za a nuna.

Irin wannan taro ba a Landan kaɗai ake yin sa ba. Birnin Los Angeles na Amurka yana da nasa tun 1992, New York kuma tun 1993, kuma dukkansu sun tarar da magabata a cikin nahiyar, wato bikin Carthage na Tunisiya da aka fara a 1966 da FESPACO na Wagadugu da aka fara a 1969. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka kallo ne kawai ake taruwa a yi, alhali kallon shi ne mafi ƙarancin abin da ke faruwa. Akwai kwamitin da ke tace ɗimbin fina-finai ya zaɓi kaɗan, wanda hakan kansa shaida ce ga wanda aka zaɓa. Bayan an gama nuna fim, darakta yakan tsaya gaban jama'a ya amsa tambayoyi, wasu masu daɗi wasu masu zafi. A gefe kuma masu sayen fina-finai na gidajen talabijin da masu zuba jari suna neman abin da za su ɗauka, har ma FESPACO tana da kasuwa ta musamman domin wannan ciniki.

Rashin Hausa a waɗannan wurare ba daga ƙarancin fim ya samo asali ba, domin tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 masana'antar ba ta tsaya ba. Matsalar tana cikin yadda ake yin aikin da kuma wanda ake yi dominsa. Mai shirya fim a gida yana fafutukar mayar da kuɗinsa cikin gaggawa, saboda haka yakan ɗauka a gurguje, ya bar sauti yadda ya zo, ya ja labari ya zama mai dogon zango domin ya riƙa sa shi a YouTube mako-mako. Yawancin manyan bukukuwa kuwa suna fifita fim ɗin da bai riga ya bazu a intanet ba, kuma suna buƙatar fassara mai kyau a rubuce a ƙasan allo. Wannan batu na fassara ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa za ka ga tattaunawa mai zurfi, cike da habaici da karin magana, an mayar da ita wani gurguntaccen Turanci da ke sa baƙo dariya a inda Bahaushe ke share hawaye.

Ba na wanke masu shirya bukukuwan ƙetare gaba ɗaya. Da yawa daga fina-finan da suke ɗaukakawa da tallafin hukumomin Turai aka yi su, kuma mai kuɗi yana da irin labarin da yake son ji game da Afirka. Akwai fim ɗin da zai zagaye Turai da Amurka yana karɓar lambobin yabo, amma mutanen ƙauyen da aka ɗauke shi ba su taɓa ganin sa ba. Duk da haka, ƙofar ba a rufe take ga fim ɗin Hausa ba idan an yi shi da kyau. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Haka kuma Mai Martaba, wanda aka yi da Hausa, shi Najeriya ta miƙa a 2024 domin gasar Oscar.

Idan na kwatanta masu kallo a nan da na gida, sai in ga kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. A Landan zaure ne mai kyau da tsari, amma masu cika shi galibi 'yan boko ne da ɗalibai da Turawa masu sha'awar Afirka, direban bas ko mai gadin da ya fito daga Afirka ta Yamma yana bakin aiki a lokacin. A Birnin Kebbi da Jega da Yawuri da Gusau kuwa, fim abincin kowa ne: matan aure a cikin gida, 'yan kabu-kabu a inuwa, samari a shagon masu tura fina-finai a waya. Masu kallon suna da yawa kuma suna da ra'ayi mai kaifi, sai dai babu wani dandali da za su haɗu da masu yin fim ido da ido, kuma kuɗin da suke biyan mai turawa ba ya komawa ga wanda ya sha wahalar shiryawa.

Akwai kuma wani rashi da ya shafe mu mu 'yan Kebbi da Zamfara kai tsaye, wato ko a cikin fina-finan Hausar ma labaranmu ba su cika fitowa ba. Kano ce cibiya, karin harshenta ne ma'auni, kuma idan aka sa ɗan wasa ya yi irin Hausarmu ta yamma, sau da yawa don a ba da dariya ne. Alhali ƙasar Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa daularta a ƙarni na 16, wadda kufan ganuwar Surame ke shaida ƙarfinta har yau, ba ta rasa abin faɗa ba. Ga Gwandu da tarihin Abdullahi ɗan Fodiyo, ga bikin Uhola a ƙasar Zuru, ga bikin Rigata a Yawuri. Ga dubban mutanen tsibirai da bakin kogi da aka tasa daga matsugunansu lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, waɗanda jikokinsu ke riƙe da labarin a baka kawai. A Zamfara, gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta ja hankalin duniya, amma da yawa daga abin da duniya ta gani a kyamara baƙi ne suka ɗauka, da idonsu da tambayoyinsu. Waɗannan su ne irin labaran da bukukuwan ƙetare ke nema, kuma wanda ya tashi a cikinsu ya fi kowa sanin inda zai ajiye kyamara.

Ra'ayina shi ne kada mu tsaya jiran Landan ko New York su gayyace mu, domin muna da taron da ya riga ya yi suna a duniya. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 domin ƙarfafa zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabawa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Duk lokacin da aka yi shi, baƙi da 'yan jarida da manyan 'yan kasuwa sukan cika garin. Babu abin da zai hana a ware darare biyu ko uku a cikin kwanakin bikin a kafa majigi a fili, kamar yadda iyayenmu suka saba kallo a ƙofar fada, a nuna gajerun fina-finai da na tarihi waɗanda aka tace aka zaɓa, da rana kuma a koyar da matasa rubutun labari da ɗaukar sauti. Wannan bai buƙaci gina katafaren zaure ba.

Wurin da Allah ya ajiye Kebbi ma wata dama ce, domin tana iyaka da Nijar da Benin, kuma mutanen Dosso da Gaya da Malanville 'yan'uwa ne da ake ciniki da auratayya da su. Nijar tana da tsohon tarihi a wannan sana'a, domin ɗanta Oumarou Ganda shi ne ya fara cin babbar lambar FESPACO, wato Dokin Yennenga, a 1972. Biki a Argungu zai iya haɗa fina-finan Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci daga ɓangarorin iyaka uku, abin da Kano ko Legas ba za su yi cikin sauƙi ba.

Na san za a kawo batun tarbiyya, kuma batu ne da ya cancanci a saurara. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan da malamai da jama'a suka nuna adawa, kuma babban kuskuren shi ne an yanke shawara kafin a tuntuɓi mutane. Idan masarauta da malamai da iyaye mata suna cikin kwamitin zaɓe tun farko, kuma abin da ake nunawa ya shafi noman shinkafa a fadama da kamun kifi da tarihin magabata, adawar za ta ragu sosai. Batun tsaro ma gaskiya ne, musamman ga mai tasowa daga Zamfara ko kudancin Kebbi, shi ya sa ya fi dacewa a jingina abin da taron da aka riga aka tanadar wa jami'ai. Haɗarin da ya fi damuna shi ne dogaro da gwamnati kaɗai, domin bikin Argungu kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Saboda haka ya kamata jami'o'in da ke Birnin Kebbi da Aliero da manyan 'yan kasuwar shinkafa su riƙe wani kaso na nauyin.

Mu da muke zaune a ƙetare kuma akwai aikin da ya fi dacewa da mu, wanda bai kai tsadar abin da muke kashewa a biki ɗaya idan mun je gida ba. Muna iya zama mu fassara fim ɗin wani matashin Argungu ko Talata Mafara zuwa Turanci ko Faransanci mai inganci, mu biya masa kuɗin shiga gasa, mu cike masa takardu kafin wa'adi ya wuce, sannan mu kai fim ɗin hannun masu zaɓe a garuruwan da muke zaune.