Wa ya taɓa kashe sabar da gangan a ma'aikatunmu?

Abin da ya fi ba ni haushi game da tangarɗar jarabawar JAMB ta 2025 shi ne muhawarar da ta biyo baya. Kowa ya ga shugaban hukumar a lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, yana share hawaye ranar 14 ga Mayu, yana amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Nan take aka rabu biyu, masu cewa ya ajiye aiki da masu yaba masa don ya amsa laifi a ƙasar da manya ba su saba amsawa ba. Aka yi makonni ana wannan ja-in-ja, aka bar tambayar da ta fi muhimmanci. An saki sakamako ranar 9 ga wata, iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa akwai lauje cikin naɗi, alhali ministan ilimi ya riga ya fito ya ce yawan faɗuwar alama ce ta an toshe satar amsa. A cikin waɗannan kwanaki biyar, wa ke da hurumin cewa a dakata a duba? Kuma an taɓa zaunar da ma'aikatan kwamfutar an yi musu atisaye, an gwada musu rana irin wannan kafin ta zo?

Ita matsalar kanta ba sabon abu ba ce ga duk wanda ya san aikin. An yi wa manhaja gyara, gyaran bai kai ga wasu sabar ba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai. Haka na faruwa a ko'ina a duniya. Inda ma'aikatu ke bambanta shi ne saurin gane cewa abu ya lalace, da abin da kowa zai yi a awa ɗaya ta farko.

Amma mu da an ce tangarɗa, sai a ce a sayo sababbin na'urori. Wannan tunanin ne ya haifi harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari da Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su riƙa cira a watan Mayun 2024, kafin ihun jama'a ya sa a janye shi. Masu wannan ra'ayi su tuna ranar 19 ga Yulin 2024. Manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, wadda manyan kamfanoni ke biyan maƙudan daloli don ta kare su, ita ce ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows. Babu wani mai kutse a ciki, sabuntawa ce guda ɗaya mai kuskure. Gyaran ma sai mutum ya zauna gaban kowace kwamfuta ya goge fayil ɗin da hannu, wasu ma'aikatu kuma suka tarar mabuɗan buɗe kwamfutocin suna ajiye a cikin sabar da ita ma ta mutu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000, ya ce ya yi asarar dala miliyan 500, alhali abokan gogayyarsa da cutar ɗaya ta kama sun riga shi miƙewa da kwanaki. Rashin kuɗin sayen kaya ne ya dame shi?

Abin da nake nufi da atisaye ba wani abu ne mai wuya ba. A tara ma'aikatan sashen kwamfuta, da mai magana da yawun ma'aikata, da lauya, da shi kansa oga. A ce musu ƙarfe biyun dare ne, ranar Asabar, rumbun bayanai ya kulle, wani ya turo saƙo yana neman kuɗin fansa. Wa za a fara kira? Sai a ce wayarsa a kashe take, ya tafi biki ƙauye. To wa ke bi masa? Ina takardar da ke da lambobin mutane, tunda imel ya tsaya? Bayan minti ashirin a ƙara musu da cewa ɗan jarida na kan waya, hoton saƙon kuma ya fara yawo a WhatsApp. A nan ake gane cewa mutum ɗaya ne ya san kalmar sirri, cewa kwafin bayanan da ake taƙama da shi ba a taɓa gwada dawo da shi ba, cewa babu wanda zai iya kashe tsarin sai ya jira sa hannun darakta. Wannan na kan tebur ke nan. Wanda ya fi shi shi ne a cire wayar na'ura da gaske, a kashe sabar guda, a sa agogo a ga minti nawa za a yi kafin wani ya lura.

Google na yin irin wannan gwajin bala'i tun 2006. Netflix kuwa manhaja ya ƙera musamman, Chaos Monkey, wadda aikinta kawai ta riƙa kashe sabar kamfanin ba tare da sanarwa ba a lokacin aiki, don injiniyoyi su saba. Da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida ranar 4 ga Oktoban 2021, kamfanin ya ce atisayen da ya saba yi na kashe cibiyar bayanai sukutum shi ya ba shi damar dawo da komai ba tare da cunkoson jama'a ya sake kayar da shi ba. Ya kuma amsa cewa bai taɓa gwada ranar da babban layin da ke haɗa cibiyoyinsa zai ɗauke gaba ɗaya ba, kuma daidai nan ɗin ne aka kama shi.

Wanda bai yi atisaye ba sai ya dogara da sa'a. A watan Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shafe tsarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk, har da dukan sabar da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata, in ban da guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ɗaukewar wuta ta raba da intanet kafin cutar ta iso. Da wannan kwafi aka sake gina kwamfutoci 45,000 da sabar 4,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai wajen dala miliyan 300. Mu da ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare kada mu yi murna, ba kullum take zuwa a kan gaɓa ba.

Za a ce ai muna gwaji. JAMB na yin jarabawar gwaji duk shekara. INEC ta yi gwajin tantance masu zaɓe da BVAS ranar 4 ga Fabrairun 2023, makonni uku kafin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin da INEC ke ɗora sakamako, ranar 25 ga wata. Irin wannan gwaji an shirya shi ne don a nuna wa 'yan jarida cewa na'ura na aiki. Atisayen da nake magana an shirya shi ne don abu ya lalace a gaban kowa. Haka nan taron bita na kwana uku a otal a Abuja ko Kaduna, da jaka da alawus da takardar shaida, bai koya wa kowa abin da zai yi in wayoyi goma na ƙara lokaci guda ba.

Masu cewa babu kuɗi ba su da hujja, domin zaman tebur bai wuce kuɗin shayi ba. Masu cewa haɗari ne a taɓa tsarin da ke aiki, su fara da ƙaramin sashe ranar Lahadi. Gaskiyar magana, abu biyu ne ke hana mu. Na farko, atisaye ba shi da kwangila, babu kaso a ciki, babu ƙyallen da za a yanka a ɗauki hoto. Na biyu, yana tona asiri. Shi zai nuna cewa mai ba da umarni bai san tsarin ba, cewa ɗan kwangilar da aka ɗauko ta hanyar sanayya ba ya ɗaga waya bayan magariba, cewa yaron da ya lura da matsala tun farko ya yi shiru ne don tsoron kada a ɗora masa laifi. Ma'aikatar da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya cewa "ranka ya daɗe, akwai matsala" ba, ko sabar zinariya aka sayo mata sai ta yi kwana biyar tana musu.

Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka tsaya, masu POS daga Kano har Accra suka zauna jugum. Bankuna nawa ne tun daga ranar suka cire babban layinsu da gangan don su ga ko na ko-ta-kwana zai ɗauka? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke neman wuƙa.

Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar DORA a watan Janairun 2025, wadda ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi gwada juriyar tsarinsu a kai a kai. Babban Banki da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA da ngCERT, cibiyar kai ɗauki kan tsaron intanet, ba sai sun jira wata sabuwar doka ba. Duk hukumar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai, ko ƙuri'un jama'a, ko albashinsu, a tambaye ta yaushe ta yi atisaye na ƙarshe, wa ya halarta, me ya lalace, kuma an gyara ko ba a gyara ba. Idan shugaban bai zauna a ɗakin ba, kada a lissafa shi. 'Yan majalisar da ke gayyatar shugabannin hukumomi bayan ɓarna ta auku suna iya yin waɗannan tambayoyi tun a zaman kare kasafin kuɗi.