Tiyar da ake auna hankali da ita

Duk lokacin da aka tada zancen ilimin halayyar ɗan Adam, sai ka ga jama'a sun rabu gida biyu. Wasu su ce tatsuniyar Turawa ce kawai. Wasu kuma da zarar sun ji an ce "bincike ya nuna", shi ke nan sun haɗiye ba tauna. A ganina duka biyun sun yi gaggawa, kuma mu mutanen Zamfara gaggawar nan tana iya cutar da mu.

Matsalar fannin daga tushe take. Hawan jini ana ɗaura na'ura a damtse a karanta lamba, maleriya ana ɗiga jini a gani. Amma baƙin ciki ko fargaba ko kaifin basira ba wanda ya taɓa ɗora su a sikeli. Alamunsu ake aunawa, wato abin da mutum ya faɗa, abin da ya aikata, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. Da irin wannan awon Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a Leipzig ta Jamus a 1879.

Masanin falsafa Karl Popper ya kafa sharaɗi mai sauƙin faɗa: magana ba ta zama kimiyya sai in akwai gwajin da zai iya ƙaryata ta. Nan ya kama Sigmund Freud, likitan da ya yi suna wajen fassara mafarkin marasa lafiya. In maras lafiya ya yarda da fassarar da aka yi wa mafarkinsa, an ce ka gani. In ya musa, an ce musun ma shaida ce yana danne abin a ransa. Maganar da ba ta da hanyar faɗuwa ba ta da hanyar tabbata.

Ko ɓangaren da ke gwaji ma ya sha kunya. A 2015 masu bincike 270 suka sake maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallu. Tun asali 97 sun ce sun gano wani abu, amma da aka sake, kusan 36 ne suka tsaya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙa'idar lissafin da ake bi tana barin kuskure ɗaya cikin ashirin. To in mutum ya auna abubuwa ashirin, ɗaya zai iya fitowa bisa katari, sai ya buga shi ya ɓoye sha taran. Haɗa wannan da gwaji a kan mutum talatin kacal, ka ga an gina soro a kan rairayi. Maganin da suka fito da shi yana burge ni: ka rubuta hasashenka da yawan mutanen da za ka gwada da lissafin da za ka yi, ka ajiye a bainar jama'a kafin ka fara. Fannin da ke tona asirin kansa haka ba za a kira shi tatsuniya ba.

Amma ga inda ya fi damuna. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen da ke da kashi 12 na mutanen duniya suke, yawanci ma ɗaliban jami'a. Daga nan sai a ce "ɗan Adam haka yake".

Ɗauki PHQ-9, takardar da ake tantance ciwon damuwa da ita. Tambaya tara ce a kan makonni biyun da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimla 27, kuma daga 10 ake fara zargin ciwon. Yanzu kai ta wurin matar da ta gudo daga ƙauyensu ta fake a Anka. Barci yana yi miki wuya? Ina barci ga wadda ke kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura. Cin abincinki ya ragu? Ai abincin ne babu. Kina kasa tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin? Ba ta da ko ɗaya. Sai maki ya hau alhali yunwa da tsoro na gaskiya aka auna. Wata kuma ciwon yana cin ta, amma da an tambaye ta sai ta ce "Alhamdu lillahi", domin kawaici da tawakkali, kukanta bai wuce ciwon kai da zafin ƙirji ba. Ita makinta ƙasa zai yi, a sallame ta. Ko a kasuwar Gusau, mai saye yana duba tiya kafin ya yarda da awo.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. Mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada a ga inda ma'ana ta zame. Sannan a zauna da mutanen gari, kowace tambaya a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu, don Hausar Kano ba kullum take zama daidai a kunnen Bazamfare ba. Bayan haka likitan ƙwaƙwalwa ya duba mutanen ba tare da ya ga makinsu ba, a kwatanta, a nan ne za a san ko 10 ɗin ta dace da mu. In aka tsallake wannan matakin na ƙarshe, fassara aka yi, ba a tabbatar da komai ba.

Ba mu da damar yin watsi da fannin. Gubar dalmar da ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe yara sama da 400, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. Yawanta a jini ɗakin gwaji zai faɗa. Amma abin da ta yi wa fahimta da riƙon karatun yaran Bagega ta ƙasar Anka, inda gubar ta shafa, waɗanda yanzu samari da 'yanmata ne, sai da ma'aunin wannan fannin za a sani. Ɗalibanmu da ke neman abin da za su yi binciken kammala digiri a kai, a Gusau ko Birnin Kebbi, ga aiki nan: ku ɗauki takarda ɗaya tak, ku bi ta waɗannan matakan har ƙarshe, ku buga sakamakon ko da bai fito yadda kuka so ba.